Marainiyar Littafi da 'Ya'yan Alhaji Sani

Har yau ban manta da safiyar da Alhaji Sani mai atamfa ya shigo ofishina yana neman takardar cire 'yarsa daga makaranta ba. Lokacin ni ne shugaban sashen Turanci a wata sakandaren 'yan mata da ke kusa da unguwar Gidan Dare. Aikina duba tsarin darasin malamai, da kuma tarar fushin iyaye.

A zangon nan 'yan ajin ƙarshe suna nazarin wani tsohon littafin Ingila, labarin marainiyar da matar kawunta ta riƙa cikin wulaƙanci. Malam Bitrus, sabon malaminmu daga Filato, shi ke koyarwa. Ɗabi'arsa ce ya sa ɗalibai su yi wasan kwaikwayon kowane babi, don ya zauna musu kafin jarrabawa. Ya ba Hadiza Sani rawar marainiyar saboda ta fi kowa karatu, ya ba Rabi Sani rawar 'yar gida mai tsangwamarta.

Abin da rajista ba ta faɗa ba shi ne Hadiza 'yar ƙanen Alhaji ce da ya rasu, Rabi kuwa 'yar cikinsa ce. A nan ɗan riƙo sunan mai gida yake ɗauka, kuma ba a tonawa. Ajin duk sun sani, malamin ne kaɗai baƙo. Kafin mako ya ƙare, "marainiya" ta zama sunan Hadiza har a layin famfo, sai ta daina zuwa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, tun tana goye ban bari ta ji kalmar ga a gidana ba. Ku kun ba ta ta hardace. Mi ya rage?"

Malam Bitrus ya ba da haƙuri, na kuma tuna wa Alhaji cewa jarrabawar fita ta ƙarato. Bai motsa ba. Rabi ce, da aka kira ta kawo jakar 'yar'uwarta, ta ce, "Baba, a ba ni marainiyar. Ita ta yi muguwar matar, in ta iya."

Ta kuwa iya. Ranar wasan Alhaji ya zauna a benci na baya, ina fassara masa. Ya ga Hadiza ta kulle Rabi a ɗaki, Rabi na kuka, 'yan aji na ta dariya. Daga ranar sunan ya mutu, Hadiza ta zauna jarrabawarta.

Tun daga nan ba na sa hannu a rabon rawa sai na tambayi malamar aji wa ke gidan wa. Malami yana iya sanin littafi ciki da bai, bai san yaran da ke gabansa ba.

A ranar wasan, da na raka Alhaji bakin ƙofa, ya tsaya yana gyara hula, ransa a ɓace. Ya ce, "Wagga ɗiya ta littafi, duk garinsu ba ta da baffa ko guda?"