Awon gidan Bawa tela

Cikin shekarun da na yi ina awon gidaje, ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Sanda ya kushe gidansa da bakinsa ba. A farkon shekarun saba'in ne, bayan girbi, ina ƙaramin ma'aikaci a buro, wato ofishin ayyuka na Birnin Konni. Gwamnati za ta faɗaɗa wata hanya a cikin gari, sai kumandan mai mulkin gari ya sa ni kimanta gidajen da za a rushe domin a biya masu su diyya.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, abu uku muke dubawa. Mukan ja igiyar awo mu san faɗin fili da girman ɗakuna. Mukan duba tsufan gini, daga azara da ƙofofi da yawan yaɓen da bango ya sha. Daga nan mu gwada gidan da na maƙwabta, mu tambayi masu su abin da nasu zai yi in an sa shi kasuwa. Abin da maƙwabci ya faɗa yana da nauyi, domin gida ba ya yin daraja shi kaɗai.

Cikin gidajen da layin hanyar ya bi har da na Bawa tela: zaure, ɗakuna na tubali, rijiya a tsakar gida. Katangarsu ɗaya da Alhaji Sanda, ɗan wan mahaifinsa, mai fataucin goro, wanda ya fi shi komai. Layin bai taɓa gidan Alhaji ba. Amma labari ya bazu cewa duk wanda aka rushe wa gida za a ba shi sabon fili a bakin hanyar duwan, wato kwastan, inda ake hada-hadar fatake. Wannan ne ya tsaya wa Alhaji a rai.

Ina cikin awo ya leƙo ta katanga, ya kira ni yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce, "Mushe, kar ka wahal da kanka. Gidan ga tun na kakanmu na, yaɓe ɗai ka riƙe da shi."

Na duba azara, na ga sababbi ne. Bawa ya ce shi ya sake ɗakunan bayan aurensa, kuma dattawan unguwa suka shaida haka. Na rubuta abin da na gani.

Da na shiga gidan Alhaji don gwadawa, na tarar da soro mai kyau, daɓen siminti, da ɗaki guda mai rufin kwano. Na tambaye shi darajarsa. Ya tsuke baki ya ce ai kango ne, gara ta cinye shi, ko kyauta ba mai so. Ya faɗi wani abu da ko kuɗin kwanon bai kai ba.

Na ce, "Alhaji, wannan gida ya fi haka nesa ba kusa ba. Abin da ka faɗa shi zan kai buro, kuma zai ja na ɗan'uwanka ƙasa."

Ya ce, "Kai ka san gidana ko ni? Rubuta yadda nic ce."

Na kai wa shugabana na buro, na gaya masa ban yarda da maganar ba. Ya ce doka ta ce a ɗauki bakin mai gida, shi kuma ba ya son rigima da manyan gari. Haka diyyar Bawa ta ragu. Ya koma sabon filin, ya yi ɗaki biyu, na uku ya tsaya iya taga har damina ta zubar da shi. Matarsa da yara suka yi zaman ƙunci. Shi kuwa ya ci gaba da ɗinkinsa.

Bayan damina injiniyoyi suka ga ruwa yana kwanciya a sabuwar hanyar, dole a ja lambatu. Lambatun ya bi ta tsakiyar gidan Alhaji Sanda. Shugabana ya ce ba sai an sake kimantawa ba, ai mai gida ya riga ya faɗi darajarsa. Alhaji ya zo buro yana rantse-rantse, ya ce shi wasa yake yi a lokacin. Ba wanda ya saurare shi.

Wanda ya je wurin kumandan shi ne Bawa. Ina tsaye a wurin. Ya cire hula ya ce, "Ranka shi daɗe, gidan yayana ya hi abin da anka rubuta. Iyali garai da yawa. A sake dubawa." Kumandan ya tambaye shi ko ya san tasa maganar diyyar ba za a sake buɗe ta ba. Ya ce ya sani.

Aka sake aika ni, na auna, aka biya Alhaji daidai. Na ɗauka zai je ya yi godiya. Da na haɗu da shi a tasha na yi masa barka, sai ya ɓata fuska ya ce, "Kai ma ka yarda da Bawa? Don a ce ya hi ni hali yay yi. Ga shi duk gari maganatai ɗai a kai." Ko da aka ba shi fili a layi ɗaya da na Bawa, sai da ya nemi a canza masa.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Igiya tana gaya maka faɗin gida, azara tana gaya maka shekarunsa. Amma in ka zo tambayar maƙwabci, ka fara sanin abin da ke tsakaninsu, domin akwai wanda ya gwammace a rushe nasa a banza da ya ga na ɗan'uwansa ya yi daraja.