Tayar da Ya'u Ya Sa a Gaba

Yayana Ya'u mutumin kirki ne, kowa a ƙauyenmu da ke bayan Auyo zai shaida. Ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya wuce tsohuwa da kaya a ka bai tsaya ba. Ciwonsa ɗaya ne a duniya: in ka ajiye masa abu biyu ka ce ya ɗauki ɗaya, to ka gama da shi. Tun muna yara haka yake. Umma ta ce, "Ya'u, koko ko kunun gyaɗa?" sai ya tsaya yana kallon kwanukan har su huce, daga ƙarshe ya juye su wuri guda ya sha abin da ba shi da suna. Gonar da Baba ya bar mana kuwa rabi shinkafa yake sa mata, rabi gero. Shekarar ruwa geron ya ruɓe, shekarar fari shinkafar ta ƙone, shi kuma ya riƙa murmushi yana cewa ai bai taɓa yin asara gaba ɗaya ba. Ni Radiyya, autar gidan, na tashi da wannan hali nasa a wuyana, har na yi aure a Haɗeja bai bar ni na huta ba.

Sana'arsa babur. Yana ɗauko bandar kifi da buhun shinkafa da jarkokin nono daga ƙauye zuwa kasuwar Haɗeja, ya koma da gishiri da sabulu da duk wanda ya samu. Hanyar tasa gida biyu ce. Akwai kwalta, sannan daga inda ta ƙare akwai hanyar fadama da ke bin gefen jingar da ke tare kogi, wadda da rani take da tauri kamar daɓen ɗaki, da damina kuma ta koma baƙar laka mai cire wa mutum takalmi.

A duk ayyukan Ya'u, guda ɗaya ne ba na yarda a yi wasa da shi, wato ɗauko Umma. Ina ƙarama kwalekwale ya kife da Baba a mashigin garinmu, lokacin cikar kogi. Tun daga ranar Umma ba ta sake sa ƙafa a kwalekwale ba, ko kallon sa ba ta son yi. Ga shi garin namu in ruwa ya zo sai ya zagaye shi, ba shiga ba fita sai ta jirgi, ita kuma ga ciwon ƙafa da hawan jini, ba a barin ta nesa da asibiti. Saboda haka kowace shekara, kafin ruwa ya yanke hanya, Ya'u yakan goyo ta a babur ya kawo min ita. Ta zauna a wurina har a fara yankan shinkafa, sannan ya mayar da ita ɗakinta.

Bara tayoyin babur ɗin suka cinye, suka yi sumul kamar tafin hannu. Na yi magana, na yi faɗa, na kai ƙararsa wurin matarsa, da ƙyar ya nufi rumfar Badaru mai faci, wanda ke sayar da taya a bakin layinmu. Badaru ya fito masa da iri biyu, ka ji inda masifa ta fara.

Ina dawowa daga cefane na sami Ya'u tsugune, ya jera su a gabansa yana shafawa. Badaru yana ta bayani, da ganin fuskarsa ba karo na farko ba ne.

"Malam Ya'u, wannan ta kullum ce. Rani da damina duk tana yi, a kwalta lafiya lau, laka in ba ta yi yawa ba za ta fita. Wannan kuma mai haƙora ce, don taɓo aka yi ta. Amma a kwalta tana kuka, kuma haƙoran ba sa daɗewa."

Ya'u ya ɗaga kai ya dubi sama. "To ai bana daminar da sauƙi. Yayyafi kawai ake yi."

"To ɗauki ta kullum."

"In kuma ta juya fa?"

"To ɗauki mai haƙora."

"In kuma ba ta juya ba, na cinye haƙoran a kwalta a banza?"

Na ajiye kwandona. Na ce, "Yaya, don Allah yaushe ruwan sama ya taɓa yanke hanyarmu? A garin aka haife ka fa. Ruwan da ke cin mu a can yamma ake yin sa, kogi ya kawo mana shi rana tsaka muna shanya. Ka sa mai haƙora gaba da baya, ka ɗauko Umma, in ka ga dama bayan nan ka sa wa babur ɗin tayar amalanke."

Ya ce, "Auta, maganarki gaskiya ce." Na ji sanyi a raina. Sai ya ƙara da cewa, "Amma shi ma sama ba a raina shi."

Haka ya yi ta zarya a rumfar nan. Ya tambayi 'yan acaɓa, ya tambayi mai shayi, har wani direban tifa da bai taɓa hawa babur ba sai da ya ba da shawara. Badaru ya kai in ya hango shi sai ya shige bayan rumfa ya ce a ce ba ya nan. Rannan sai ga Ya'u ya shigo gidana da fara'a, wai ya warware matsalar. Gabana ya faɗi, don na san irin warwarewarsa. Na leƙa waje. Ɗaya mai haƙora, ɗaya ta kullum.

Ko wannan da na haƙura, in da ya sa su daidai. Amma mai haƙoran a gaba ya sa ta. Badaru ya biyo shi har ƙofar gida yana cewa, "Malam Ya'u, ta baya ce ke tura babur. Can ake son haƙora."

Ya'u ya ce, "Wacce ke fara taka laka, ta gaba ko ta baya?"

"Ta gaba."

"To ka gani. Kuma ta baya ita ke ɗaukar nauyin buhu a kwalta, nan da nan za ta cinye."

Badaru ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Hajiya, babur ɗinsa ne," ya juya ya tafi. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba don takaici.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa kogi ya fara tasowa. Sama tas, ko gajimare babu. Na buga masa waya na ce yau ba gobe ba. Wannan karon bai yi gardama ba, da safe ya goya Umma da ƙullin kayanta suka kamo hanya. Ni kuma na hau mota na je na tsaya inda kwalta ta ƙare, ina jira.

Shu'ibu mai kawo nono ne ya fara fitowa, laka har gwiwa, amma ya fito a kan babur ɗinsa, haƙora gaba da baya. Ya ce ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin jinga, hanya ta jiƙe, su Ya'u suna bayansa kaɗan. Na jira. Rana ta take, ba su ba alamarsu.

Abin da ya faru daga baya na ji shi. Sun zo wani kwari, tayar gaba ta kama ƙasa ta haye abinta, ta baya kuwa ta tsaya tana juyawa wuri ɗaya, tana feshin laka tana nutsewa, har sarƙa ta shige. Umma ta sauka. Ya'u ya tura, ya ja, ya yanko ciyawar kacalla ya shimfiɗa, tayar nan sai sulɓi take yi. Suna cikin haka jinga ta ɓalle a bayansu, ruwa ya malalo ya cika kwarin gaba da na baya. Suka rage su biyu a kan ɗan tudu.

Bunu masunci ne ya hango su ya zo da kwalekwalensa. Ya ce Umma ta daɗe zaune a kan ƙullinta, ruwa yana matsowa. Sannan ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta ba shi hannu.

Wannan kam da idona na gani. Kwalekwale yana tahowa, Umma a tsakiya a dunƙule kamar kayan wanki. Ya'u kuwa bai shiga ba, kuma bai saki ba. Yana cikin ruwa har ƙirji, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, wai yana tare shi kada ya kife. Bunu yana ta ihu, "Kai Ya'u, ka shigo ko ka saki, kai ne kake karkata shi!" Ko a nan ya kasa zaɓa. Ina tsaye ina kuka ina zagin sa a lokaci guda.

Da suka iso na kama Umma, hannunta sanyi ƙalau. Ba ta buɗe fuska ba sai da muka shiga mota. Ba ta yi wa Ya'u faɗa ba, ni na yi, na yi har muryata ta dushe. Shi dai yana tsaye ruwa na ɗiga daga rigarsa, yana cewa, "Umma, sannu. Umma, sannu."

Da ruwa ya janye aka ciro babur ɗin. Ya'u ya kai shi wurin Badaru, bai tambayi kowa ba, bai dubi sama ba, ya ce a sa masa mai haƙora a baya. Karo na farko a rayuwarsa da ya zaɓi abu kai tsaye, kuma a farkon rani ya yi shi, lokacin da hanyar fadama ta bushe ƙayau. Yanzu yana yawo da su a kwalta suna kuka tun daga bakin titi, haƙoran suna cinyewa. Na ce ya cire ya ajiye sai damina, ya ce a'a, ba zai sake cire su ba.

An yanke shinkafa, an sussuke, an kai rumbu, Umma ba ta koma ba. Ɗakinta na can a kulle, kajinta suna hannun maƙwabta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna jin kukan tayar nan yana tahowa, ya tsaya a ƙofar gida. Ya'u ya shigo ya durƙusa, ya ce, "Umma, hanya ta bushe. Kuma na sa masu haƙora gaba da baya."

Ita kuma ta dube shi da tausayi, ta gyara zama a kan tabarmata, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Ya'u. Bari dai tukuna."