Wiebe da Tiren Gahawa

Wiebe Postma mutum ne da aka tara wa arzikinsa a hannu biyu, aka bar sauran jikin haka nan. Kai duk sanƙo, tumbi kan riga shi shiga ɗaki, amma hannu ko motsi ba ya yi sai da izininsa. Aikinsa a birnin Leiden harhaɗa maduban na'urar hangen nesa ne, wadda za a harba sama ta riƙa kamo irin hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda taurari ke fesowa in sun zo mutuwa. Madubin kamar ɓawon albasa yake don rashin kauri. Yatsa ya goce, aikin wata da watanni ya bi ruwa.

Shi ya kafa dokar tire. Duk wanda zai ɗaga madubi, da safe shi zai hau bene da gahawar kowa, kofuna cike fal. Ɗigo ya zuba, ranar sai kallo. Ba mutane kaɗan ya zaunar da dokar nan ba, ya kuma raka su da baƙar magana: "Tafi gidan cuku, can ake neman mai kaɗa madara."

Bana, saura madubi na ƙarshe, hannun dama ya fara rawa.

Ya bar gahawa, ya bar giya. Ya koma ɓoye hannun a aljihu har a kan keke, saura kaɗan ya afka kogi. A gida ya riƙa cika kwano da miyar wake yana zagaya tebur da shi, matarsa Tineke na biye da tsumma.

"Tsoho, miya a ciki ake zuba ta, ba a riga ba. Ka je ka ga likita."

"Likita ya gani, wurin aiki sun ji. Bari madubin nan ya tafi tukuna, sannan su sare hannun in sun ga dama."

"In ka fasa shi fa?"

Wiebe ya ƙara miya a kwano.

Ranar ɗaga madubin, ya tarar Koos, abokin aikinsa tun suna da gashi, ya riga ya jera kofuna a tire. Kowanne rabi. Ashe duk sun sani.

"Gahawa ta yi tsada ne, Koos?"

"Butar ce ta ƙare, dattijo."

"Butar da ke tururi a bayanka?"

Ya ɗauko ta ya cika kowane kofi da kansa, har baki. Ya kama bene, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, gumi na bin sanƙo. Tun daga ƙasa kofuna suka fara hira da juna. Kafin ya kai sama, gahawa ta kwanta a tire, tana ɗiga a takalminsa.

Waɗanda ya sha tura wa gidan cuku duk suka sami abin kallo a taga.

"Ni na bangaje shi," in ji Koos daga gindin bene.

"Daga can? Da me, da hancinka?"

Ba wanda ya yi dariya. Wiebe ya ajiye tiren, ya daɗe yana kallon hannun.

"Kai za ka ɗaga," ya ce wa Koos. "Doka ce. Wani wawa ne ya kafa ta, amma doka ce."

Duk da haka ya sa farar rigar ɗakin madubai, da hula da safar hannu, ya shiga ya raɓe jikin bango. Koos ya sunkuya ya tallabi madubin. Wiebe ya lalubi inda zai cusa hannun dama kada ya ga rawarsa, sai ya tuna rigar ba ta da aljihu.