Kwana Tara Tsakanina da Tsibirin

Abin ya faru a shekara ta biyu ta annobar nan da ta sa aka rufe masallatai, bayan an sake buɗe su amma kowa da dardumarsa a hammata. Yaƙin Hartum bai tashi ba tukuna, don haka unguwarmu Arba wa Nus ba ta cika ta batse da 'yan gudun hijira daga Sudan kamar yadda kuke ganinta yanzu ba. Haƙorana na gaba suna nan a lokacin. Gwiwata ta hagu ce kaɗai ta fara yi mini gardama.

Ni ban yi boko ba, allo ma abin salla kawai na samu. Wata ɗaliba 'yar Zariya ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa. Amma ku tambaya daga nan har unguwar Faisal wa ke wanke matan Hausawa idan sun rasu, za a nuna muku ƙofata. Sana'ar mahaifiyata ce tun muna Sudan. Abu biyu ta koya mini kafin ta bar ni na taɓa buta: a fara da dama, kuma abin da idonki ya gani a jikin gawa ya mutu tare da ita.

Ina da ƙanwa ɗaya. Ita ce mai dafa wa wasu ma'aikatan jakadanci abinci a Zamalek shekara da shekaru, har yaran gidan suka iya cin miyar kuka. Da aka mayar da maigidan zuwa wani tsibiri can tsakiyar teku, sai suka ce ba sa tafiya sai da ita. Sunan tsibirin har yau bakina ya ƙi ɗaukarsa. Ni tsibirin da na sani shi ne Zamalek ɗin, wanda mota ke hawa gada ta sauke ka a kansa, ba mai tambayar ka ko kana tari.

Ranar da za ta tafi ta ce mini, "Yaya, ko a bangon duniya na mutu, ke za ki wanke ni. Ba na son baƙuwa ta ga bayana."

Na ce, "Rufe mana baki, uwar tsoro. Ni zan riga ki, ki zo ki yi mini wankan ganganci."

Abin da ke bayanta tabon ƙuna ne, daga kafaɗa har ƙugu. Ni na yi mata shi. Ina da shekara tara na sauke tukunyar ruwan zafi, tana rarrafe a bayana ban gani ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma taɓa cire riga a gaban kowa ba sai ni.

To, a wannan shekara sai matar gidan da take wa aiki ta bugo, da guntun Larabcinta, ta ce ƙanwata tana asibiti, huhunta ya tara ruwa, likita ya hana a ɗora ta a jirgi, kuma ba wanda take kira sai ni. Sun sayi tikiti, jirgi nan da kwana uku. Na je aka zura mini tsinke a hanci har ya taɓo ƙwaƙwalwata, aka ce ba ni da cutar. Na fito da katin rigakafina. Saura abu guda: mutanen tsibirin ba sa barin baƙo ya hau jirgi sai ya amsa musu tambayoyin lafiya ta waya, su aiko masa da wani tambari mai ɗigo-ɗigo kamar zanen tabarma. In ba tambarin, ko ƙofar jirgi ba za ka gani ba.

Wadda ta iya Turanci a benenmu malama ce a makarantar 'yan Sudan, 'yar maƙwabciyata mai sayar da kisra, wainar 'yan Sudan. Maƙwabciyar nan kwana biyar ke nan da rasuwarta, ni na wanke ta. Malamar tana cikin zaman makoki, amma da ta ji ta hawo da kanta bayan la'asar, idanunta a kumbure, ta zauna a bakin gadona.

"Yalla, Inna, kawo fasfo. Minti goma khalas, an gama."

Ta ɗauki hoton fasfo. Ta ɗauki hotona, wayar ta ce ba ta yarda ba, wai ban buɗe ido ba.

Na ce, "Gaya mata haka Allah ya yi su."

Ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Sai tambayoyi. Kina zazzaɓi? A'a. Tari? A'a. Kina jin ƙanshin abinci?

"Ina jin albasar matar bene na uku tana ƙonewa yanzu haka. Rubuta."

Sai ta tsaya a kan wata tambaya. Ta karanta a hankali, tana juya mini da Hausa: "A cikin kwana goma sha huɗu da suka wuce, kin yi jinyar marar lafiya, ko kin taɓa gawa?"

Muka kalli juna.

Ta ce, "Inna, mu ce a'a."

"A ƙasa me aka rubuta? Na ga kin wuce wani dogon layi ɗazu."

"Cewa kin yi rantsuwa duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma Inna, ba mutum ba ne, waya ce."

"Wayar ce za ta tsaya a gaban Allah, ko ni? Ni in rantse ban taɓa uwarki ba? Da hannun nan na kitse mata kai gida uku. Danna i."

Ina jin daɗin kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka tambayar ta ƙare. Ashe i ɗin nan ƙofa ce, da ta danna sai wata ta ɓullo a ƙarƙashinta. Me ya yi ajalin mamacin? Zaɓi uku: zazzaɓi ko ciwon numfashi, ciwon da ba a ɗauka, kamar suga ko daji, ko ba a sani ba.

Nan ne fa. 'Ya'yan matar nan duka sun san zazzaɓi ne ya ɗauke ta, don kwana huɗu ta yi jikinta kamar garwashi, likitan da ya zo kuma takarda kawai ya rubuta cewa zuciya ta tsaya. Ni na san ba haka ba ne. Wata goma sha ɗaya ina shiga ɗakinta da hantsi, bayan yara sun fita aiki, ina wanke mata gyambon da ke nononta na hagu, ina ɗaure shi da tsumma, in fita da tsumman a ƙarƙashin mayafina. Daji ne, ta je asibiti sau ɗaya a ɓoye aka gaya mata ya riga ya yi nisa. Ta ɗora hannuna a kan Alƙur'ani ta ce kada 'ya'yanta su ji, ko tana raye ko ta mutu, musamman wannan malamar, wadda za ta cinye kanta da cewa tana gida ɗaya da uwarta ba ta lura ba. Ranar wanka ma ni kaɗai na tsaya ta wajen ƙirji, na ce mai zuba ruwa ta kau da kai.

Malamar ta ɗago ta ce, "Zazzaɓi ne ai, ko Inna? Ke kika gan ta a ƙarshe."

Kalma ɗaya ce. In na ce na tsakiya, ta danna, in tafi. Na buɗe baki. Na ga yatsanta a kan gilashin, na ga ɗankwalin uwarta ne a kanta.

Na ce, "Kwana ne ya ƙare, 'yata."

Abin da muke faɗa ke nan a kowane gidan makoki, tun kakanninmu. Ba wanda ya taɓa tambaya ta ƙari a kansa. Amma babu gurbinsa a cikin zaɓi ukun nan. Ta jira ni, ban ƙara komai ba, sai ta danna na farko.

Kafin a kira magariba amsa ta zo, da jan rubutu. Kada in hau jirgi. In cika kwana goma sha huɗu daga ranar da na taɓa gawar, sannan in sake nema. Biyar sun wuce, saura tara. Washegari na tafi Faisal wajen wani mai shagon kwamfuta, na ce ya sake cika mini daga farko. Ya gwada sau biyu ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajja, lambar fasfonki a kulle take." Ubangidan ƙanwata ya yi ta buge-bugen waya a can, aka ce masa tsibiri ƙarami ne, asibitinsu ɗaya, doka ba ta san jakada ba.

Kullum da hantsi ana kara wa ƙanwata waya a kunne. Na gaya mata an ce in jira, ban gaya mata dalili ba.

"Yaya, me kika yi musu? Na san bakinki. Kin zagi wani ko?"

"Waya na zaga."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ran na huɗu ta ce, "Saura nawa?" Na ce biyar. Ta ce, "To, zan gwada." Ran na shida numfashinta kawai nake ji.

Ran na bakwai, da azahar, matar gidan ta bugo tana kuka. Da la'asar ta sake bugowa, ta ce ga matan masallacin garin sun zo su uku, ko ina da abin da zan gaya musu. Aka ajiye wayar a gefe. Na yi musu Hausa, na yi musu Larabci, su kuma suna amsawa da wani yare mai taushi da ban taɓa ji ba. Na ce a fara da dama. Na ce in za su juya ta, su bar zanen a bayanta, su zuba ruwa ta samansa. Ban san ko sun gane ba. Sai na ji ƙarar ruwa yana sauka a kan siminti. Can sai ruwan ya tsaya, wata ta ja numfashi ta faɗi wata kalma gajera. Na san sun juya ta.

Ran na tara malamar ta sake cikawa ba tare da ta tambaye ni ba. Tambarin ya zo, kore shar, da hoton teku da itatuwan kwakwa. Ta ce a sama an rubuta barka da zuwa. Mutanen gidan sun ce in zo in ga kabarin. Ban je ba. Na sa aka buga mini tambarin a takarda, yana cikin jakar da nake ajiye sabulu da turaren gawa.

Ban daina aikina ba, kuma har yau ba a sami wadda ta fi ni ba. Sai dai duk lokacin da na zo juya gawa, sai na ce mai zuba ruwa ta ci gaba da zubawa, kada ta tsaya. Sun ɗauka wata ƙa'ida ce ta tsofaffi.

Mai shagon kwamfuta ya rasu bara. Matar bene na uku mai ƙona albasa ta koma Sudan kafin yaƙi, ba a sake jin ta ba. Matar jakadan tana raye, takan aiko mini da gaisuwa duk salla. Matan nan uku ban san su ba, amma ina jin suna nan, sun san abin da ni kaɗai na sani. Malamar ma tana nan, a ƙasana take, ita ke hawo mini da shayi. Hausa take ji, ba ta karanta ta. Wata rana tana tsefe mini kai ta ce, "Inna, da gaske zazzaɓi ne?" Na ce mata ta ja a hankali, tana tsinka mini gashi.