Turmin Da Ka Bari Rabi, Yaya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayana, wanda duk layin masu sassaƙa dutse ke kira Mai Faifai, saboda gwanintarsa wajen zaɓen faifan injin gurza dutse. Ya yi jinyar kwana shida, yana da shekara sittin da bakwai.

Yaya, yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma wallahi na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna cikin masu gaisuwa sai ƙafata ta ɗauke ni zuwa rumfar aiki. In na je rumfar sai in tsaya kan turmin nan da ka bari rabi, in dube shi, in koma gida ban taɓa komai ba.

Baƙin dutse ne, irin mai taurin kai, ka yi wata uku kana nemansa. Ka yi wa babbar 'yarka alkawarin turmin daka kayan yaji, tun da na icen da take sana'a da shi ya tsage. Ka gama bayansa, ka fara rarake cikinsa, ciwo ya kwantar da kai. A gefe ɗaya akwai wata siririyar jijiya fara. Ni da kai mun san abin da take nufi: in faifan gurza bai dace ba, dutsen ya ɗau zafi, ta nan zai rabe biyu. Kuma babu wani dutsen da hannunka ya taɓa da za a sake ba ta.

Shekara talatin da huɗu muna rumfa ɗaya. Kai ke aikin kaushi, ni ke aikin santsi. Kai za ka zaɓi faifan da zai ci dutse ya fitar da siffa, ni in bi baya da masu laushi har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Mutane na yaba ƙyallin, su ce hannuna ne. Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ci gaba da kaɗe ƙura daga gemunka.

Ban taɓa ganin mai zaɓen faifai irinka ba. Mai shagon kayan aiki har tsokanarka yake, wai ko mai neman aure bai kai ka bincike ba. Ka shafa da babban yatsa, ka ƙwanƙwasa ka kasa kunne, sannan ka ciro ɓallin dutse daga aljihu ka goga. Duk aljihunan rigunanka a huje suke saboda ɓallin dutse, matarka ta gaji da ɗinki ta sallama. Kai ka koya wa rabin layin nan cewa dutse mai tauri faifai mai saurin cinyewa yake so, domin yana cinyewa yana fito da sabon kaifi, faifai mai tauri kuwa sulɓi zai yi ya ƙona aikin. Ba ka taɓa ɓoye wa kowa wannan ba, har waɗanda suka buɗe rumfa a gabanmu suka janye mana masu saye.

Ni kaɗai ne ban koya ba, kuma ka san dalili. Shekara ashirin da suka wuce, ka je jana'iza, na ga aiki na jira, na ɗauki faifan da ya fi kowanne kaushi na ɗora wa farin dutsen dokin ƙofar wani likita. Gani nake mafi kaushi shi ne mafi sauri. Kafin in ankara gefen ya ɓalle kamar an gatsa. Da likitan ya zo yana faɗa, ka matsa gabana ka ce, "Likita, yi haƙuri, ni na zaɓi faifan." Ka sha zagin da ba naka ba, ka kwana uku kana sake wani, kuma har ka koma ga Allah ba ka tayar mini da maganar ba.

Daga ranar ban ƙara taɓa faifan kaushi ba, kai ma ba ka ƙara miƙo mini ba. Na san tausayi ne. Amma Yaya, bari in faɗa maka gaskiya, a kwanakin nan har haushinka na ji. Da ka tilasta mini! Na birkice akwatinka kaf ina neman ko ka ware wani faifai, ko ka yi alama da alli. Babu. Guda bakwai ne a jere, kowanne na kallona.

Jiya 'yarka ta same ni a rumfar, ina ta zagaye turmin. Ta ce, "Baffa, tun ɗazu nake kallonka. Me ya hana?"

Na nuna mata jijiyar, na ce ina tsoron in raba mata shi biyu.

Ta shafa wurin da ka tsaya, ta ce, "In ya rabe ka ba ni a haka, zan ajiye. Amma kada ka kai wa wani, Baffa. Daga hannun Baba sai naka."

Yau da safe na gwada faifai huɗu a kan guntun da ka sare daga gindin turmin. Na ɗauki na uku, na yi bisimilla, na zuba ruwa, na kunna inji. Na ɗora faifan a hankali. Na ci zurfin yatsa biyu, na wuce ta gefen jijiyar, na kashe inji na dafa dutsen. Sanyi ƙalau. Ban san lokacin da na juya na ce, "Yaya, zo ka gani" ba. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai ka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da duk masu sassaƙar da suka ci albarkacin iliminka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Turmin kuma, in Allah ya yarda, ranar Asabar zan kai mata da kaina.