Rumbun da Inna Ta Fasa

In na ji maza a gidan rasuwa suna yabon tsohuwa, wai baiwar Allah ce, ba ta taɓa ɗaga murya ba, sai in ji kamar in tofa yawu. Su a wurinsu ƙarfin tsohuwa ke nan: ta yi shiru su ci bulus.

Uwar mijina, da muke ce wa Inna, ba ta cikin waɗannan.

A ƙauyenmu, gabas da Dakoro, in an gama girbi maigida kan liƙe rumbunsa da laka ya tafi cin rani. Mace ba ta leƙawa, sai ya dawo da damina. Ku da yara ku ci abin da kika noma a 'yar gonarki. A shekarar nan nawa hatsin ya ƙare tun zafi bai yi nisa ba. Muka koma tafasar ganye, har autana ya daina kuka, sai kallo.

Ranar nan da hantsi Inna ta dubi yaron, ta ɗauki gatari ta nufi rumbun mijina.

"Inna, zai sake ni!"

"Riƙe mini tsani, 'yar nan. Ni na haife shi, ya zo ya sake ni."

Ta hau, ta fasa, ta leƙa. Ta daɗe. Ashe babu komai ciki sai kashin ɓera. Gogan naka ya sayar da hatsin kaf kafin ya tafi, ya liƙe mana iska muna gadi!

Ba ta yi salati ba ma. Ta kwaɓa laka ta mayar da liƙin yadda yake. Ranar kasuwa ta ja awakinta biyu, da take tattali don likkafaninta, ta dawo da gero a kan jaki.

Da ruwan farko sai ga mijin nawa a kan sabon moto, wato babur, har da baƙin tabarau. Maƙwabta suka cika gida ana barka da zuwa, yana ta rabon alewa. Ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ko a fuska ba ta cika dubansa ba. Ran nan kuwa ta dube shi sosai. Ta jawo tsani da kanta ta jingina a rumbu.

"Kai, yaron nan, baƙinka sun ji yunwa. Hau ka ɗebo mana dami ɗaya."

Ya tsaya da alewa a hannu. Ita kuwa ta samu turmi ta zauna, ta ce ba ta sauri.