Ranar da Na Ba Inna Lemo da Hannuna

Ɗambatta

Da asuba na yi wa surukata, Inna Hajara, allurarta ta ciwon suga, muka hau babur zuwa Ɗambatta. Yatsunta duk sun yi kanta saboda hudar awon suga, shi ya sa maigidana ya ce mu je Kano a liƙa mata sabon abin gwaji. A tasha na saya mata ƙosai. Ta ƙulle a bakin zani, ta ce sai an jima.

Kano

Nas ta manna mata wani abu kamar marfin kwalba a damtse, ta haɗa shi da wayata. Ta yi bayanin kibiya da launukan da wayar za ta nuna da sauri, ina ta gyaɗa kai, rabi bai shiga ba. Inna kuwa tambayarta ɗaya: "Zan iya wanka da shi?" Aka ce ƙwarai.

Hanyar gida

Muna cikin motar haya, mun wuce Dawanau bayan la'asar, wayar ta kama kuka. Fuskarta ta yi ja, kibiya na kallon ƙasa. Inna na ta gumi.

"Sugan ne ya hau," in ji wani Alhaji a bayanmu. "Shuwaka za a ba ta."

Direba ya ce, "Hajiya, kashe abin nan mana, ya fi hon ɗina ƙara!"

Ja hawa ne, ko sauka? Na rasa. Na kira nas ina salati.

"Me ta ci yau?"

Na dubi ƙullin ƙosai, yana nan yadda yake. Inna ta sunkuyar da kai. "Azumin Alhamis nake."

"Sugan ya faɗi ne!" in ji nas. "Lemon kwalba, yanzu!"

Ni da nake kulle gwangwanin sukari a ɗakina saboda ita, ni zan ba ta lemo? Direba ya tsaya, Alhajin da kansa ya ruga ya sayo.

"'Yar nan, magariba ta kusa," in ji Inna.

"Inna, Allah ya ga niyyarki. Ki sha, mu rama tare."

Ta sha tana harara ta. Can wayar ta yi shiru.

Gida

Muna shiga ta ɗaga wa ɗanta damtse. "Ɗan gulma kuka manna min."

Alhamdulillahi, Allah ya saka wa nas da direba da Alhaji. Gwangwanin sukari na fito da shi, yana kan taga. Har yanzu ban san ɗakin wa ya kamata ya kwana ba, nawa ko nata.